Makonni shida na koyon harbi da bindigar iska a Katsina

A dogon hutun da ya gabata na sanya babban ɗana, mai shekara 14, a wani ajin koyon harbi da bindigar iska da wani tsohon soja yake gudanarwa a cikin garin Katsina, kuma tun da aka kammala makonni shidan iyaye suke tambayata ko abin ya ci kuɗinsa, ko kuwa ganganci ne a miƙa wa yaro bindiga a irin wannan zamani. Tambayar tana bisa hanya. A jiharmu kalmar 'yan bindiga, wadda a da take tuna mana da masu adaka da ke cika Ƙofar Soro da hayaƙin albarushi ranar hawan Sallah, yanzu ta koma sunan masu satar shanu da garkuwa da mutane, don haka ban ga laifin mahaifiyar yaron ba da ta yi kwana uku tana ƙin amincewa. Abin da ya sa na dage shi ne na sami labarin cewa wasu abokansa suna harbin kurciya da bindigar iska a gonakin bayan gari ba tare da wani babba a kusa ba, sai na ga gara ya koya a gaban wanda ya san kan abin.

Kafin in biya ko sisi, na nemi ganin takardu. Mutane da yawa suna ɗaukar bindigar iska tamkar danƙo mai tsada, alhali dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya ta a jerin bindigogin da ba a mallaka sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba. Ke nan yaro kamar nawa ba shi da ikon mallakar tasa. Mai wurin, wanda yara suke kira Malam, bai ɓata rai da tambayar ba. Ya fito da takardun bindigoginsa ya nuna mini, sannan ya gaya mini cewa babu bindigar da take barin ɗakin, kuma duk uban da ya zo da tasa daga gida sai dai ya koma da ita.

Wurin dogon ɗaki ne mai rufin kwano, an ja layi mai ruwan ɗorawa a ƙasa inda masu harbi suke tsayawa, kuma daga layin zuwa takardun bara, waɗanda ake saitawa a harba, mita 10 ne cif, wato tsawon da ake harbi a gasar Olamfik tun da aka shigar da bindigar iska cikinta a 1984 a birnin Los Anjelis. Bayan kowace takarda akwai akwatin ƙarfe da ke tare harsashi, bayan akwatunan kuma an jera buhunan yashi kafin bangon bulo. Na tambayi dalilin da ya sa bai jera tsofaffin tayoyi ba, tunda sun fi sauƙin samu, sai ya ce roba da katako mai tauri suna dawo da harsashin dalma kan wanda ya harba shi, saboda ƙarfinsa bai isa ya huda su ya lume ba. Wannan amsar ce ta fara kwantar mini da hankali.

A makon farko da rabin na biyu babu yaron da ya harba ko sau ɗaya, kuma a gaskiya na fara jin kamar ana cin kuɗina a banza, domin kullum yaron yana dawowa gida da ƙorafi. Abin da ake yi musu shi ne maimaita abubuwa kaɗan har sai sun zauna a hannu. Bakin bindiga ba ya kallon mutum ko da an rantse cewa babu komai a cikinta, sai dai ya kalli wajen bara ko sama. Yatsa ba ya shiga wajen kunama sai ido ya riga ya hau saiti. Idan za a miƙa wa wani bindiga, a buɗe ake miƙa ta, shi kuma mai karɓa sai ya duba da idonsa, ko da Malam ne ya miƙo masa. Na taɓa ganin Malam ya miƙa wa wani yaro bindiga a rufe da gangan, yaron ya karɓa da hannu biyu cikin ladabi, nan take aka zaunar da shi a benci har ƙarshen darasin. Na ji tausayinsa, domin tarbiyyar gida ce ta sa bai tuhumi babba ba, amma daga ranar ban sake ganin wanda ya karɓi bindiga bai leƙa cikinta ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne wani dogon zaren roba mai launin lemu da ake zura wa kowace bindiga daga inda ake sa harsashi har ya fito ta baki. Muddin ana ganin zaren ta ɓangarorin biyu, kowa ya san babu harsashi a bututun, ko daga nesa yake. Haka ƙa'idar hukumar wasan harbi ta duniya, mai hedikwata a birnin Munik na Jamus, ta tanada, kuma dalilin ya shafi bindigar iska musamman, domin harsashinta ɗan ƙarami ne, faɗinsa milimita 4.5, nauyinsa wajen rabin giram, yana iya maƙalewa a tsakiyar bututu ba tare da an hango shi ba. Ba a cire zaren sai Malam ya ce "ɗura", ba a taɓa kunama sai ya ce "fara", idan kuma aka ji "tsaya" kowa zai ɗauke yatsa, ya buɗe bindiga, ya ja da baya. Babu wanda yake tsallake layin don ɗauko takardarsa sai an bi bindigogin ɗaya bayan ɗaya an ga zare a kowace, an ajiye su a kan tebur. Malam ya kuma gaya wa yaran cewa "fara" tasa ce shi kaɗai, amma "tsaya" ta kowa ce, kuma babu wanda za a yi wa faɗa don ya faɗe ta a kan kuskure.

Bindigogin iri biyu ne. Mafi yawansu masu sifirin ne, waɗanda ake karya bututunsu a ɗana su, kuma an koya wa yaran su riƙe bututun gam da hannu ɗaya yayin da suke sa harsashi da ɗaya hannun, domin idan kunama ta kuɓuce a wannan hali bututun yana komawa da ƙarfin da zai murƙushe yatsa. An hana su harba irin wannan bindiga babu harsashi a ciki, saboda hakan yana lalata ta, an kuma hana zuba mata man inji a ɗakin iska, domin matsin yana kunna man kamar yadda yake yi a injin dizal. Guda biyu ne kawai masu tulun iska, irin na gasa, waɗanda ba sa girgiza a kafaɗa. Ana cika tulun har ma'aunin matsin iska da ake kira "bar" ya kai 200, alhali tayar ƙaramar mota ba ta wuce biyu da rabi, shi ya sa Malam ba ya barin yaro ya taɓa famfon. Ya gargaɗe mu mu iyaye cewa duk wanda ya cika irin wannan tulu da iskar masu walda ya haɗa wa kansa bam.

Da aka fara harbin sosai, sai na gane cewa wasan ya fi kusa da aikin mai ɗinkin hula fiye da na mafarauci. Duka zanen da ke kan takardar faɗinsa milimita 45.5 ne, ɗigon tsakiya mai maki goma kuwa rabin milimita ne, bai fi ɗigon da alƙalami yake yi ba. Manyan 'yan wasa suna harbi 60 a tsaye, kowane harbi makinsa na ƙoli 10.9, kuma a wannan wasan ne Abhinav Bindra na Indiya ya ci zinare a gasar Olamfik ta Beijin a 2008. Yaranmu dai a zaune suka fara, bindiga a kan matashi, kuma nawa ya kai mako na biyar kafin harbinsa biyar su taru a cikin baƙin da'ira.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai wata Asabar ce a mako na huɗu. Malam ya fita amsa waya, ya bar ajin a hannun mataimakinsa, wani saurayi da bai wuce shekara 22 ba. Ana cikin harbi sai wani dattijo mai babbar riga, wanda ya kawo jikansa, ya tashi da wayarsa ya bi ta gefen bango ya wuce layin don ya ɗauki hoton jikan ta gaba. Mataimakin ya gan shi sarai, amma nauyin furfura ya kama bakinsa, sai ya matsa yana cewa "ranka ya daɗe" ƙasa-ƙasa, alhali bindigogi biyar suna ɗane. Wata yarinya 'yar shekara 13 ce ta ɗaga murya ta ce "tsaya", kuma duk yaran suka buɗe bindigoginsu suka ja da baya kafin ma mu manya mu gane abin da ke faruwa. Dattijon ya ji haushi. Da Malam ya dawo ya ji labari, ya gaishe shi da girmamawa, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ko Sarki ne ya zo nan bayan layin nan yake tsayawa," sannan ya yaba wa yarinyar a gaban kowa. Horon da aka yi wa yaran ya yi aiki, amma ina ganin kuskure ne tun farko a bar aji a hannun wanda ba zai iya tsayar da babba ba, kuma wurin iyaye ya kamata a raba shi da igiya ko ƙyaure, ba da fenti kawai ba.

Akwai wasu gyare-gyaren. Da yake damina ce, idan ruwa ya sauko a kan kwanon rufin muryar Malam ba ta kai ƙarshen layi, kuma babu usur ko jar fitila da za ta maye gurbinta, sai dai a dakata har ruwan ya tsagaita. Tabaran kare ido da ake ba yaran sun karce ƙwarai, har wasu suna tura su goshi idan za su yi saiti, don haka na saya wa nawa nasa. Wanda ya fi damuna shi ne batun dalma. Yaran suna taɓa harsashi da yatsu na tsawon awa biyu, sannan su fito su sayi awara ko gyaɗa a bakin ƙofa, kuma abin wanke hannu a wurin buta ɗaya ce babu sabulu. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 bai kamata a tuna mana cewa ita wannan guba ta fi cutar da ƙananan yara ba. Malam yana hana sa harsashi a baki da cin abinci a cikin ɗakin, amma hani ba ya wanke hannu. Da na yi masa magana ya amsa laifin, washegari na tarar da bokiti mai famfo da sabulu, sai dai har aka gama ana share gutsattsarin dalmar da busasshiyar tsintsiya, wadda take tayar da ƙura, maimakon a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Kuɗin makonni shidan bai kai na buhun shinkafa ba, har da harsashi da takardu. Zan mayar da yaron a hutun Disamba, kuma ƙanwarsa ta ce ita ma tana so tun da ta ji labarin waccan yarinyar. Na gaya wa Malam cewa zan biya na su biyun ranar da na ga usur a wuyansa da igiya tsakanin bencin iyaye da layin harbi.