Iguwanar hamada da koriyar iguwana: kiwonsu ba ɗaya ba ne

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi iguwanar hamada, wani nau'in ƙadangare, ka bi bayanin kiwon koriyar iguwana kana fesa mata ruwa safe da yamma kana ba ta latas, ga shi ta ƙi ci, kullum tana lafe a lungu. Kana tambaya ko kiwon nasu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma wannan feshin ruwan shi ne abu na farko da za ka daina.

Koriyar 'yar kurmi ce, daga Meziko har Barazil, rayuwarta a kan bishiya kusa da ruwa. Takan kai mita ɗaya da rabi ko fiye. Taka kuwa 'yar hamadar Mohabi da Sonora ce, a kudu maso yammacin Amurka da arewa maso yammacin Meziko. Tsawonta har da wutsiya bai cika wuce santimita 40 ba, kuma a ƙasa take, tana shiga rami. Saboda haka koriya tana bukatar keji mai tsayi kamar ƙaramin ɗaki, da rassan hawa. Ta hamada faɗi take so: akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60 ya ishi guda ɗaya, da murfin raga don iska ta riƙa ratsawa.

Babban bambancin yana wajen zafi. Wurin shan zafin koriya digiri 35 zuwa 38 ne a ma'aunin Selshiyos. Idan ka ba iguwanar hamada wannan, sanyi ka ba ta. Ita ce ke yawo da tsakar rana lokacin da sauran ƙadangarun hamada suka ɓuya, jikinta yakan haura digiri 40 ba abin da ya dame ta. Ganye take ci, ƙwayoyin halittar da ke hanjinta su ke narkar da shi, su kuma sai da zafi suke aiki. In zafi ya gaza, abinci ya tsaya a ciki, sai ta daina ci. Mafi yawan ƙin cin da ake gani daga nan yake. Sa fitilar halojin a gefe ɗaya ta haska wani faffaɗan dutse har samansa ya kai digiri 46 zuwa 50. Ɗaya gefen ya tsaya tsakanin 27 da 30, don ta sami wurin gudu in ta ƙoshi da zafin. Da dare a kashe fitilu, digiri 20 zuwa 24 ba laifi. Ka auna saman dutsen da ma'aunin da ake haskawa daga nesa. Wanda ake mannawa a jikin gilas iska kawai yake aunawa. Dutsen roba mai ɗumama da lantarki kuma ka guje shi, yana ƙona musu ciki.

A kan fitilar UVB, wato mai fitar da wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, dai sun haɗu, dukansu ba sa yi sai da ita. Ta hamada tana son mai ƙarfi: doguwar fitilar da ake kira T5 mai kashi 10 zuwa 12 na UVB, nisan santimita 30 zuwa 40 daga dutsen, awa 12 a rana. A canza ta duk shekara ko da tana ci, domin hasken da ido ke gani yana nan bayan UVB ɗin ya raunana. Gilas yana tare shi, don haka ajiye keji a bakin taga ba ya maye gurbin fitila, ga haɗarin akwatin ya zama tanda. Rashin UVB ke hana jiki amfani da kalsiyam, sai ka ga muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu sun kumbura, yatsu na karkarwa.

Laima, wato danshin iska: koriya kashi 70 cikin ɗari, ta hamada kashi 30 zuwa 40. Laima mai yawa da ƙarancin zafi su ke jawo mata ciwon huhu, alamarsa buɗe baki a gefen sanyi, majina da kumfa a hanci. Amma kada ka rikita wannan da farin garin da za ka gani a bakin hancinta ko a jikin gilas. Gishiri ne take fitarwa ta atishawa, lafiyayya ma tana yi.

Danshin da take bukata yana ƙarƙashin ƙasa. Haɗa yashi mai tsabta da ƙasar da ba taki ba maganin ƙwari, rabi da rabi, zurfin santimita 15 zuwa 20. Jiƙa na ƙasan kaɗan yadda in ka dunƙula zai riƙe, saman ya bushe. Yashi zalla rushewa yake, ba ya riƙe rami. Duwatsu kuma a kafa su a kan gindin akwatin kafin a zuba ƙasa. In ka ɗora a sama za ta haƙa ƙarƙashinsu su danne ta. Koriya ba ruwanta da wannan duka.

A abinci sun yi kusa. Koriya ganye zalla, nama ko ƙwari suna lalata mata ƙoda. Ta hamada ma ganye ne kusan duk cimarta, sai dai takan ɗan taɓa ƙwari, gyare biyu ko uku a mako sun isa, ba dole ba ne ma ga babba. Latas kusan ruwa ne. Ba ta ganyen mustad, ganyen zogale, ganyen kabewa, da gurzajjiyar kabewa da karas kaɗan, a yanka ƙanana. Alayyafo jefi-jefi, yana ɗaure kalsiyam. Fiya kuwa kada ta kusance ta. A barbaɗa garin kalsiyam sau biyu ko uku a mako. A daji furen wani tsiro mai suna kiriyosot take bi, rawaya ne, shi ya sa rawayan abu ke jan idonta: furen kabewa da ba a fesa wa magani ba yakan sa mai ƙin ci ta fara. Ajiye abincin da hantsi, bayan ta yi awa ɗaya ko biyu a kan dutse. Ɗan ƙaramin kwanon ruwa a gefen sanyi ya wadatar.

Koriyar da ke kasuwa galibi a gona aka ƙyanƙyashe ta, ta hamada kuwa sau da yawa kamun daji ce, tana zuwa da tsutsar ciki da tsoro. Makonni biyun farko kada ka ɗauke ta, rufe gefe uku na akwatin da kwali. Kai sabon kashinta wurin likitan dabbobi a duba, ka ware ta daga sauran dabbobi wata biyu zuwa uku, kana auna nauyinta duk mako. Kada ka kama ta ta wutsiya, tana yar da ita. Wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa ta ko kejin, saboda ƙwayar cutar salmonela mai kama mutane. In ka gyara zafi ta kai kwana goma ba ta ci ba, ko nauyinta na raguwa, ko idanunta sun faɗa, kai ta wurin likita.