Wata uku ina shafa CeraVe na roba, ga abinda na gani

Ni dai da hannuna na ɓata fuskata, wannan ba sai an faɗa min ba. Sikirob, wato abin dirje fuska mai tsaki-tsaki, safe da yamma, ga wani sabulu mai ƙamshi da in na wanke fuska sai inji ta ɗaure tamau kamar fatar ganga, ni kuma a wautata wai hakan ne alamar ta fita tas, sannan na ɗora wani man goge tabo da bazan kira sunansa ba. Sati uku kacal fuska ta fara bori. Gefen hancina ya dinga saɓa, kumatu suka yi wani irin duhu-duhu da ƙaiƙayi, ruwa zalla ma in ya taɓa sai raɗaɗi, hoda kuwa in na shafa sai ta kwanta a kan ɓawon kamar an watsa min toka. Wallahi madubi ma na daina son kallo.

Da na je wajen likitar fata ta juya fuskar dama da hagu tace baiwar Allah ba wata cuta gareki ba, katangar fatarki kika rushe. Wai saman fata kamar ginin bulo yake, ƙwayoyin fata sune bulon, akwai kuma wani maiƙo a tsakaninsu da yake matsayin siminti, kusan rabinsa wani abu ne da ake kira seramid. Shi yake riƙe danshi a ciki ya hana ƙura da ƙwayoyin cuta shiga. Fata lafiyayya tana da ɗan tsami-tsami, awon pH ɗinta (awon tsami, in lambar ta haura 7 babu tsami kenan) wajen 5 ne, shi kuma sabulun dunƙule na gama-gari yakan kai 9 zuwa 10, to kinga kullum ina kankare simintin ina cewa tsafta nake. Tace in ajiye komai, ruwa mai ɗumi kaɗan ba mai zafi ba, abin wanke fuska mara kumfa sosai, sai mai mai seramid wanda babu turare a ciki. A haka na ɗauko CeraVe Moisturizing Cream, fari mai rubutun shuɗi, na cikin robar nan mai faɗin baki.

Kayan Amurka ne, a 2005 suka fara, daga baya L'Oréal na Faransa suka saye shi a 2017. In kika juya bayan robar zaki ga seramid kala uku, ga gilisarin da hayaluronik asid masu jawo ruwa, ga kuma ɗan basilin a ciki da yake toshe danshin kar ya gudu. Ƙamshi babu ko kaɗan, ranar farko har sai da na sake shinshinawa, mu da muka saba in mai bai tashi kan mutane ba bai cika mai ba. Kauri gareshi, in kika lakato da yatsa tsayawa yake baya zuba, amma yana nutsewa, baya barin fuska tana ƙyalli.

Dabarar da tafi min amfani ita ce shafawa tun fuskar da sauran laima, ina gama wankewa in ɗan dangwala tawul, ban gogewa, nan take in shafa. Kwana huɗu zuwa biyar raɗaɗin ya kwanta, sati biyu saɓar gefen hancin ta tsaya, amma duhun kumatun nan sai da ya ja ni sama da wata biyu kafin ya fara washewa, kuma dama likitar tace min fata takan ɗauki kusan kwana 28 kafin ta sabunta kanta dan haka in bar ƙirga kwana. Gaskiya ni a ganina rabin aikin daina cin zalin fuskar ne ya yi shi, man ya tsare gida ne kafin ginin ya koma, ba wai siddabaru ya yi ba.

Sai dai dan Allah kar a ɗora masa abinda bai ce zai yi ba. Baya sa haske, ko ɗigo. Baya maganin ƙyasfi ko makero, waɗannan naman gwari ne ke kawosu, maganinsu daban. Ƙazuwa ma baya maganinta. Mai kirci zai taimaka mata sosai wajen bushewa da ƙaiƙayi amma in ya tashi gadan-gadan sai an haɗa da maganin likita, kuma maganin nan na tub masu sitiroyid irin su kilobetasol da wasu ke zubawa cikin mai su shafe wata da watanni, fatar suke sirantawa har jijiyoyi su fito, ga nankarwa, babu seramid ɗin da zai iya da wannan in ba'a daina ba. Baya kuma kare rana, da safe sai kin ɗora man kariyar rana a kai.

Mai fuska mai maiƙo ko yawan pimpus ina ga loshan ɗinsu mara kauri zai fi mata daɗi musamman lokacin zafi, wannan ta barshi wa jiki, gwiwar hannu da ƙwauri da kaushin ƙafa. Tunda roba ce mai buɗaɗɗen baki ni ƙaramin cokali na ajiye ina ɗiba dashi, bana son tsoma yatsa kullum. A kula da jabu kuma, duk kayan da ya yi suna sai an kwaikwaya, in kika buɗe kika ji turare ya bugi hancinki to ba shi bane.

Yanzu ina kan roba ta biyu, da daddare in iska ta bushe ina ɗora ɗan basilin zalla a gefen hanci da leɓe. Sikirob ɗin nan yana nan cikin durowa, jiya ma na ɗauko shi na juya na mayar, ƙanwata tace Yaya ki bani mana tunda kin daina, nace wallahi ko ke bazan ba.