Faya-fayan Peel Sessions: Sun Adana Kunnen John Peel, Amma Ba Su Adana Muryarsa Ba

A shekarar 1986 ne wani ƙaramin kamfanin faya-fayai na Birtaniya mai suna Strange Fruit, wanda Clive Selwood ya kafa tare da John Peel, ya fara fitar da jerin faya-fayan garmaho da aka raɗa wa suna The Peel Sessions. Kowane faifai yana ɗauke da waƙoƙin da wata ƙungiyar makaɗa ta rera a zama guda domin shirin Peel na tashar Radio 1 ta BBC, galibi waƙoƙi huɗu, waɗanda da ma an ɗauke su ne don a watsa sau ɗaya ko sau biyu a ajiye. Kamfanin ya rufe a 2004, shekarar da Peel ya rasu, amma wasu kamfanonin sun ci gaba da fitar da irin wannan kaya a faifan CD, kuma da yawa daga cikinsu suna kan manhajojin sauraron waƙa a yau. A ganina, babu wani abin tunawa da aka yi wa wani mai gabatar da kiɗan rock a rediyo da ya kai waɗannan faya-fayai nauyi, sai dai suna da wani giɓi babba wanda ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya zura hannu a aljihu.

Sunan Peel na yanka John Robert Parker Ravenscroft, an haife shi ranar 30 ga Agusta 1939 a Heswall, kusa da Liverpool. Ya tafi Amurka a 1960 ya yi aiki a harkar auduga a Dallas, sana'ar da mahaifinsa yake yi, kuma a can ya fara shiga gidan rediyo, inda daga baya tashar KLIF ta ɗauke shi a matsayin masanin ƙungiyar Beatles, ba don wani dalili mai ƙarfi ba sai don ya fito daga yankinsu kuma harshensa ya yi kama da nasu. Da ya koma Ingila a 1967 sai ya kama aiki da Radio London, tashar da ke watsa shiri daga cikin jirgin ruwa a kan teku don kauce wa dokar ƙasa, ya riƙa gabatar da shirin tsakar dare har gwamnati ta tilasta rufe ta a watan Agustan shekarar. Daga nan ya koma Radio 1 wadda aka buɗe ranar 30 ga Satumba 1967, ya zauna a cikinta shekara 37, har ranar 25 ga Oktoba 2004 da bugun zuciya ya yi ajalinsa a birnin Cusco na ƙasar Peru yana da shekara 65.

Abin mamaki shi ne waɗannan zama na ɗaukar sauti ba dabarar Peel ba ce, tilas ce ta haife su. A wancan zamani akwai yarjejeniya tsakanin BBC da ƙungiyar makaɗan Birtaniya da masu haƙƙin faya-fayai, wadda ta ƙayyade yawan sa'o'in da tashar za ta iya sa faifan kasuwa a rana, domin kada faifai ya raba makaɗa da abincinsu. Sauran lokacin dole a cike shi da kiɗan da aka yi musamman don rediyo. Wasu shirye-shiryen sun ɗauki wannan a matsayin ƙarfen ƙafa, suka riƙa kiran makaɗan haya suna maimaita waƙoƙin da ke tashe. Peel da furodusoshinsa, Bernie Andrews da farko sannan John Walters, suka mai da shi ƙofa, suka riƙa gayyatar samari da 'yan matan da ko kwantiragi ba su da shi zuwa ɗakunan ɗaukar sauti na BBC, musamman na Maida Vale da ke Landan, a ba su yini ɗaya, a biya su, a sa su a iska. Mai karatun da ya san yadda gidan rediyon Kaduna ya riƙa ɗaukar su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos a ɗakinsa zai gane irin taskar da hakan ke tarawa ba tare da an yi niyya ba. A ƙarshe an yi zama fiye da 4,000 da makaɗa fiye da 2,000.

Shi kansa faifan abin sha'awa ne a hannu. Faɗinsa inci 12 ne, yana juyawa sau 45 a minti, abin da ke ba sautin sarari da kauri fiye da na dogon faifai da aka cusa wa waƙoƙi biyar ko shida a gefe guda. Bangon kusan iri ɗaya ne a duk jerin: babu hoton mawaƙi, babu ado, sai sunayen ƙungiyoyin da suka taɓa yin zama an jera su layi-layi da ƙananan haruffa, sunan masu faifan kuma ya fito ɓaro-ɓaro. Ana rubuta ranar da aka ɗauki sautin, da ranar da aka fara watsa shi, da sunan wanda ya buga kowane kayan kiɗa, da na furodusa. Faifan farko na Joy Division, alal misali, yana nuna an ɗauka ranar 31 ga Janairu 1979, an watsa ranar 14 ga Fabrairu, wato watanni kafin fitowar kundinsu na farko, kuma ƙasa da shekara ɗaya da rabi kafin mutuwar mawaƙinsu Ian Curtis a watan Mayun 1980. Wannan rashin ƙawa ya dace da mutumin da aka sa wa jerin sunansa, domin shi ma bai taɓa yin ihu ko zuzuta kansa a gaban makirufo ba kamar yadda takwarorinsa na shirye-shiryen rana suke yi.

Inda kayan ya fi cin kuɗinsa shi ne sautin. Ƙungiyar da aka ba yini ɗaya ba ta da lokacin gyare-gyare da shafe kuskure, don haka abin da ake ji ya fi kusa da yadda take a zahiri. Misali mafi ƙarfi shi ne na The Slits, 'yan matan Landan da suka yi zamansu na farko a watan Satumban 1977 alhali ba su gama iya riƙe jita ba. A faifan ana jin ganga tana gudu tana barin sauran a baya, muryoyi suna karo da juna, jita tana ƙara kamar za ta tsinke, amma duk da haka akwai wani ƙarfin hali a ciki wanda babu shi a kundinsu na 1979, wanda Dennis Bovell ya tsara shi tsaf da salon reggae. Kundin yana da kyau, sai dai wata ƙungiya ce daban, kuma ba don wannan zama ba da kamannin farko na The Slits ya ɓace kusan gaba ɗaya. Faifan da ya buɗe jerin, na New Order da aka watsa a watan Yunin 1982, yana da waƙoƙi biyu da ba su sake ɗauka a wani kundi ba, ɗaya daga ciki ta mawaƙin Jamaika ce Keith Hudson. Na Napalm Death kuwa, masu kiɗan hayaniya mai tsananin sauri, na 1987, waƙoƙi 12 ne a cikin ƙasa da minti 6, kuma ba zan ce kowa zai iya jure shi ba. Abin lura dai shi ne gidan rediyon gwamnati ne ya biya kuɗi aka ɗauke shi, aka kuma watsa wa ƙasa baki ɗaya.

A cikin abubuwan da aka fitar bayan rasuwar Peel, akwatin The Fall na 2005 shi ne gagarabadau: faifan CD 6, zama 24, daga 1978 zuwa 2004. Babu ƙungiyar da Peel ya ƙaunata kamar wannan ta Mark E. Smith, wadda ya taɓa kwatanta ta da cewa kullum daban take kuma kullum ita ce dai. Sauraron akwatin a jere yana tabbatar da maganar, domin makaɗa suna shigowa suna fita, salon yana canzawa, amma gunagunin Smith yana nan inda yake. Gaskiya akwai zama biyu ko uku na shekarun 1990 da suke ja da ƙyar, kuma wanda bai saba da ƙungiyar ba gara kada ya fara da nan. Tarin PJ Harvey na 2006 ya fi sauƙin shiga, waƙoƙi 12 da ita da kanta ta zaɓa, kuma na Pulp da ya fito a shekarar yana farawa da zaman 1981, lokacin da mawaƙinsu Jarvis Cocker yana ɗan makaranta a Sheffield, bayan ya miƙa wa Peel kaset hannu da hannu.

Idan aka dubi abin da sauran mamatan wannan sana'a suka bari, sai darajar jerin ta ƙara fitowa. Alan Freed, wanda ya yaɗa sunan rock and roll daga Cleveland kuma ya shirya taron kiɗan 21 ga Maris 1952 da ake ɗauka a matsayin na farko irinsa, ya rasu a 1965 yana da shekara 43, bayan badaƙalar karɓar na goro daga kamfanonin faya-fayai ta raba shi da aikinsa. Tom Donahue, da ya buɗe wa rediyon FM na San Francisco hanyar sa dogayen waƙoƙi ba tare da bin jerin masu tashe ba, ya rasu a 1975. Wolfman Jack, mai muryar nan mai kaushi da ke ratsa Amurka daga tashoshin kan iyakar Meziko, ya bi su a 1995. Yawancin abin da ya rage na aikinsu na yau da kullum guntayen shirye-shirye ne da aka naɗa daga iska, domin aikin mai sa faifai iska ce ke tafiya da shi da zarar ya rufe baki. Tommy Vance, mai shirin rock na daren Juma'a a Radio 1, wanda ya rasu 'yan watanni bayan Peel a 2005, ya ɗan yi sa'a, domin an fitar da wasu zama na shirinsa ƙarƙashin Raw Fruit, reshen wannan kamfani, sai dai ba su kai ko kusa da yawan na Peel ba.

To, giɓin shi ne Peel kansa ba ya cikin faya-fayan Strange Fruit. Babu muryarsa, babu gabatarwarsa mai sanyi da barkwanci a ɓoye, babu lokutan da yake sa faifai a kan gudun da ba nasa ba sai ya yi nisa sannan ya farga ya ba da haƙuri, abin da ya zama kamar tambarinsa. Wanda ya sayi faifan The Undertones ba zai ji abin da ya faru a 1978 ba, sa'ad da ya sa waƙarsu Teenage Kicks ta ƙare ya sake mayar da allura ya sa ta a karo na biyu, waƙar da a yau baiti ɗaya daga cikinta yake rubuce a kan kabarinsa a ƙauyen Great Finborough na Suffolk. Mafi muhimmanci, babu jeren. Gwanintar Peel tana cikin abin da yake sawa bayan wani abu, yadda zai fito daga hayaniyar punk ya faɗa reggae, daga nan ya ɗauko tsohon faifan blues, ya rufe da jitar Kongo. Faifai mai ƙungiya ɗaya ba ya iya nuna wannan.

Daga nan ne aibi na biyu ya taso. Wanda ya kalli jerin Strange Fruit zai zaci Peel mutumin fararen samari masu jita ne kawai, domin su ne kasuwa ta fi nema, su aka fi bugawa. Akwai faifan Culture na Jamaika da na Four Brothers na Zimbabuwe, amma 'yan tsiraru ne a cikin taron. Alhali Bob Marley da The Wailers sun yi masa zama tun 1973, Bhundu Boys sun yi a 1986 lokacin da ba a san su ba a Turai, kuma Four Brothers ne suka yi wasa a bikin cikarsa shekara 50 a 1989. Waɗanda suka riƙa kama shirinsa na Sashen Turanci na BBC a gajeren zango daga Kano ko Damagaram sun ji wannan faɗin kunne da kansu, kuma jerin bai yi masa adalci ba.

Haka kuma faya-fayan ba tarihin rayuwa ba ne, kada a nemi hakan a cikinsu. Ba za su gaya wa kowa cewa a 1965 Peel ya auri yarinya 'yar shekara 15 a Texas ba, ko kuma maganganun da ya yi da bakinsa game da hulɗarsa da 'yan mata masu ƙananan shekaru a Amurka, waɗanda aka sake tono su a 2012 suka rage masa kwarjini a idon mutane da yawa. Sannan sunansa da ke saman bango yana rufe wasu. Peel ba ya zuwa ɗakin ɗaukar sautin a mafi yawan lokuta. Aikin yini na hannun furodusoshi ne irin su Dale Griffin, tsohon mai gangar Mott the Hoople, da injiniyoyin BBC, kuma sautin da ake yabo nasu ne. Na ji daɗi da aka rubuta sunayensu, ko da da ƙananan haruffa ne.

Game da saye, faya-fayan garmahon na asali sai dai na hannu, a shagunan tsofaffin faya-fayai ko a kasuwannin intanet irin su Discogs da eBay, kuma farashin yana bin sunan ƙungiyar ne, na Joy Division da The Smiths sun fi na waɗanda aka manta tsada. Waƙoƙi huɗu, kimanin kwata na awa, ba su da yawa idan aka haɗa da kuɗin aikowa daga Turai, kuma faifan garmaho ba ya shiri da zafi, yana lanƙwashewa idan aka bar shi a rana ko aka jibge shi a kwance. Mai son sauti kawai ya nemi tarin CD ko ya saurara a Spotify, inda na PJ Harvey da The Slits suka fi dacewa da farawa. Mai neman muryar Peel da jeren waƙoƙinsa kuwa sai ya nufi YouTube da rumbunan masoyansa, inda ake ɗora cikakkun shirye-shiryen da masu sauraro suka naɗa a kaset a gidajensu, da shuuu ɗin iska da komai, kuma waɗannan ba a biyan ko sisi.