Wace hanya za ka ɗauka wajen bin abubuwan shafi ɗaya bayan ɗaya a JavaScript?

Idan kana da maɓallai ko hotuna da yawa a shafi kana son sauya su gaba ɗaya, ka ɗauki querySelectorAll, mai tattaro maka su a jeri guda, ka haɗa shi da umarnin bin jeri ɗaya bayan ɗaya, wato for...of, wanda ya shigo JavaScript a 2015:

for (const m of document.querySelectorAll('.sabo')) m.classList.remove('sabo');

Jerin da querySelectorAll ke bayarwa a tsaye yake. Ko ka cire wa abu aji (class, wato laƙabin da ake sa wa abubuwan shafi, kamar sabo a layin sama), ko ka goge shi ɗungurungum, jerin yana nan yadda aka ɗauko shi, ba wanda za a tsallake. Ga shi for...of yana karɓar break, da zarar ka samu abin da kake nema sai ka tsaya. Wannan ne forEach, wata hanyar bin jeri, ba ya iyawa, sai ya kai ƙarshe.

Shi kuwa getElementsByClassName, mai tattaro abubuwa ta sunan ajinsu, jerinsa yana motsi tare da shafin, kuma a nan mutane ke shan wuya. Abu goma ne, ka cire ajin na farko, jerin ya koma tara, na biyu ya zame gurbin na farko, lissafinka kuma ya riga ya wuce gaba. Biyar za su sauya, biyar su zauna, kuma burauza ba za ta nuna kuskure ko ɗaya ba. In dole ne, ka naɗe shi cikin Array.from tukuna, ya kwafe shi zuwa tsayayyen jeri. Kada ma ka taɓa for...in, har length da item, waɗanda ba abubuwan shafi ba ne, zai miƙo maka. jQuery kuma, tarin kayan aikin JavaScript da ake ƙara wa shafi, ya yi nauyi a kan aikin layi ɗaya.

Abin da ya fi duk wannan haɗari shi ne lambobin (code) da ake kwafowa ba a karanta ba. Duk wanda ka ga yana zuba rubutun masu ziyara cikin innerHTML, inda burauza ke karanta rubutu a matsayin lambar shafi, ka guje shi: hoton bogi guda mai onerror, wato umarnin da ke tashi idan hoto ya ƙi buɗewa, ya isa a gudanar da lambar ɓarawo a shafinka. textContent, mai ɗaukar komai a matsayin rubutu zalla, shi ne daidai. Haka innerHTML += yana sake gina duk abin da ke ciki, sai maɓallai su daina amsa dannawa. Wasu tsofaffin darussa har yanzu suna cewa a jawo lamba daga adireshin polyfill.io don shafi ya yi aiki a tsohuwar burauzar Internet Explorer. An sayar da adireshin a 2024, aka riƙa tura muguwar lamba zuwa shafuka sama da 100,000. Microsoft ta ajiye Internet Explorer 11 tun Yunin 2022, saboda haka ka goge layin polyfill.io daga shafinka yau.