Firosesa na kwali ko na tire: sharhi bayan haɗa kwamfuta da kowannensu

Duk wanda ya je sayen firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, don haɗa kwamfutar tebur zai ji mai shago ya tambaye shi, "Na kwali kake so ko na tire?" Na kwali shi ne wanda Intel ko AMD suka shirya wa mai saye ɗaya, da hatimin kamfani, da takardar garanti, wani lokaci har da fankar sanyaya a ciki. Na tire, wanda ake kira OEM, jera su ake yi da yawa a farantin roba a sayar wa kamfanonin da ke haɗa kwamfutoci. Daga can ne wasu ke zubowa kasuwa ɗaya-ɗaya cikin ɗan mazubin roba, ba kwali ba fanka. Na yi aiki da duka biyun a kan Ryzen 5 5600X na AMD da Core i5-12400F na Intel, kuma a kansu wannan sharhi ya tsaya.

Ta wajen aiki babu bambanci ko kaɗan. 5600X na tire yana da ƙwayoyin aiki shida, gudunsa daga 3.7 zuwa 4.6 GHz, daidai da na kwali. Maganar da ake yawo da ita cewa na tire ragowar da aka tace ne ba ta da tushe. Akan samu wani guda ya fi wani jure ƙarin gudu, amma haka abin yake ko tsakanin na kwali biyu da aka saya rana ɗaya. A lambar kaya kawai ake rabe su. Na kwalin Intel lambarsa na farawa da BX, kamar BX8071512400F, na tire kuma da CM. A wajen AMD, 5600X na kwali shi ne 100-100000065BOX, na tire 100-000000065. Akwai kuma mai MPK a ƙarshe, wato na tire da aka haɗo shi da fanka.

To me mutum yake biya idan ya ƙara kuɗi ya ɗauki kwali? Abu biyu: fanka da garanti.

Batun fanka yana bukatar lissafi, domin ba kowane kwali ke ɗauke da ita ba. 5600X da 7600 suna zuwa da fanka mai suna Wraith Stealth, 12400F kuma da Laminar RM1. Amma 5800X, 7600X, 7800X3D da na Intel na zamani masu harafin K, kwalinsu firosesa ne kawai da takarda. Saboda haka kafin ka ce na tire ya fi araha, ka ɗora kuɗin fanka da na man da ake shafawa tsakaninta da firosesa a kan farashinsa, sannan ka gwada. Fankar kwali tana zuwa da man a shafe, ɗorawa kawai za ka yi.

Ra'ayina game da fankokin kwali shi ne sun isa aikin ofis, lilo a intanet da wasanni marasa nauyi, amma ba a yi su don ɗakin da ba na'urar sanyaya iska a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ba, lokacin da zafin waje ke haura digiri 40. 12400F an rubuta masa wat 65, amma idan ya buɗe wuta yana iya jan wat 117, kuma iyakarsa digiri 100. Iyakar 5600X digiri 95 ce. Idan firosesa ya kusanci iyakarsa ba ƙonewa yake yi ba, rage gudu yake yi don kare kansa, fanka kuma ta dinga kuka. Ga ƙurar hunturu da ke toshe ramukan ƙarfen fankar cikin 'yan watanni. Mai tace bidiyo ko mai barin kwamfuta tana aiki mai nauyi awanni, fanka mai tsayi da bututun jan ƙarfe huɗu zai ƙare da saye, ta kwalin kuma ta zauna a durowa. A irin wannan hali ƙarin kuɗin kwali na garanti ne kaɗai. Idan za ka sayi fankar daban don LGA1700, wato soket (ramin da firosesa ke zama) na 12400F, ka tabbatar akwai ƙarafan ɗaurinta na wannan soket, domin tazarar ramukansa milimita 78 ce, na tsohon soket LGA1200 kuwa 75.

Garanti shi ne ainihin maganar. Intel da AMD duka suna ba na kwali shekara uku, kai tsaye tsakaninka da kamfani. Na tire kuwa garantinsa yana hannun wanda ya sayar maka. Idan ya ce shekara ɗaya, shekara ɗaya ce. Idan ya ce sati ɗaya na gwaji, iyakar abin da ka samu ke nan. Idan ya rufe shago, babu inda za ka. Da yawa sukan ce ai firosesa ba ya mutuwa, kuma gaskiya ne yana cikin sassan da suka fi daɗewa. Amma abin da ya faru a 2024 ya isa a tsaya a yi tunani. Firosesocin Intel na zubi na 13 da na 14, musamman irin su i9-13900K da i9-14900K, sun riƙa samun wutar da ta wuce kima har suka fara lalacewa a hankali, wasanni da manhajoji suna rufewa ba dalili. Kamfanin ya fitar da gyara ta hanyar BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta), 0x129 a watan Agusta da 0x12B a Satumba, amma gyaran yana hana lalacewa ne, ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu. Ya kuma ƙara shekara biyu a garanti, na kwali ya koma shekara biyar. Mai kwali kai tsaye yake tuntuɓar Intel. Mai tire aka ce ya koma inda ya saya. Ga wanda ya yi odar nasa daga wani ɗan kasuwa a Sin ta intanet, wannan umarni bai tsinana masa komai ba.

Sai dai kada a ɗauka kwali laya ne. Garantin yana bukatar rasit mai kwanan wata, da lambobin da ke jikin firosesa: a na Intel akwai FPO da ATPO, da su ake duba garanti a shafin kamfanin. Ka ajiye kwalin, ka ɗauki hoton saman firosesa kafin ka shafa masa mai. Kuma mai zama a Najeriya ko Nijar ya sani cewa mayar da kaya yana nufin aikawa da jira na makonni. Lanƙwasasshiyar ƙafa ko ƙuna daga ƙarin wuta da ka yi da hannunka ba sa cikin abin da ake biya.

Inda na tire ya fi ba ni damuwa ba ingancinsa ba ne, rashin hatimi ne. Babu abin da zai nuna maka cewa sabo ne, don haka wanda aka ciro daga tsohuwar kwamfuta aka goge da sinadari yana iya shigowa a matsayin sabo. Ka duba gefen murfin ƙarfen ko akwai busasshen mai a lungu. A na Intel, ka karkata shi a haske: tabon da alluran soket ke bari a kan ɗigon zinaren ƙasa yana nuna an taɓa ɗora shi. A na AM4, wato soket ɗin AMD da 5600X ke hawa, ƙafafu 1331 ne a jikin firosesan kansa, kuma su ne ke shan wahala idan aka turo shi cikin leda ko mazubin da bai kama shi ba. Ka dube su layi-layi ta kowane gefe. Ƙafa ɗaya da ta kwanta tana iya hana kwamfuta tashi ko ta kashe layin RAM guda. Ana miƙe ta da bakin fensir mai saka gawayi, a hankali, amma idan ta karye an shiga aikin walda. Idan firosesa bai faɗa cikin soket da kansa ba, kada ka danna.

Akwai wasu tarko biyu. Na farko samfurin gwaji: wanda aka rubuta wa "Intel Confidential" da lamba mai farawa da Q maimakon SR, ba na sayarwa ba ne, kuma wani madabod ɗin (babban faifan da ake ɗora duk sassan kwamfuta a kai) ba zai karɓe shi ba. Na biyu Ryzen PRO da aka ciro daga kwamfutocin ofis na wasu manyan kamfanoni. Akwai tsarin tsaro mai suna PSB da ke ɗaure firosesa ga madabod na kamfanin da ya fara tashi a kai, ɗauri na har abada. Ka sa shi a madabod na wani kamfani, ko motsi ba zai yi ba. An kuma sha kama jabu, inda ake sake rubutun murfi a mai da ƙaramin firosesa babba, har a cikin kwalin da aka buɗe aka sake liƙewa. Shi ya sa ko na kwali ne, ka gwada lambar da ke kan takardar kwalin da wadda ke kan firosesa ta tagar da aka bari.

Gwaji a gaban mai shago ya fi duk wata rantsuwa. A ɗora shi, a buɗe manhajar CPU-Z a ga suna da yawan ƙwayoyi sun dace da abin da aka rubuta. A kunna manhajar gwaji irin Cinebench ko OCCT na minti talatin ana kallon zafi a manhajar HWiNFO. A sa RAM biyu a ga duka sun bayyana. Kuma kafin a ɗora wa firosesa laifi, a tuna cewa 5600X da 12400F ba su da sashen hoto a ciki, dole sai da katin hoto allo zai nuna wani abu, sannan tsohon madabod na B450 sai an sabunta masa BIOS kafin ya gane jerin Ryzen 5000. Waɗannan biyun sun sa an mayar da lafiyayyun firosesoci da dama.

Zaɓina ya danganta da tsadar abin. Firosesa mai tsada, ko na Intel zubi na 13 da 14, ko kwamfutar da za a haɗa wa wani ya yi sana'a da ita, kwali zan ɗauka ko da fankarsa ba ta da amfani a wurina. Matsakaici irin 5600X ko 12400F, na tire ya yi, muddin ragin ya fi kuɗin fanka, mai shagon yana da wurin zama sananne, kuma ya rubuta tsawon garanti da lambar firosesan a kan rasit. Wani lokaci ma babu zaɓi: Ryzen 4000G a 2020 kamfanoni kaɗai aka sayar wa, 5600G da 5700G kuma sai a watan Agusta na 2021 suka fito a kwali bayan watanni suna hannun masu haɗa kwamfuta. Idan ka sayi na tire na AM4 kuma wata rana ka tashi canza masa fanka, ka bar kwamfutar ta yi aiki ta ɗumama tukuna, sannan ka murɗa fankar hagu da dama kafin ka ɗaga. Busasshen mai yana manne su, ya fizgo firosesa daga soket da ƙafafunsa.