Sony ZV-E10 a hannun mai ɗaukar biki a Jos

Tambayar da matasa suka fi yi mini idan suka same ni a wurin aiki ita ce, "Oga, da wannan 'yar ƙaramar kake ɗaukar biki?" Da ita kuwa. Kyamara ce ta Sony, ZV-E10, wadda ta fito a 2021, nauyinta da batiri da memori giram 343 ne kacal. Da ita nake ɗaukar ɗaurin aure da kamu da walimar sauka, da ita nake yi wa masu shaguna a Terminus da titin Ahmadu Bello ɗan bidiyon tallan da suke sawa a Instagram da TikTok. Ta jima a hannuna, ta ga hazo ta ga damina. Ra'ayina shi ne ta ci kuɗinta, amma duk wanda ya zuba jarinsa kaf a kanta ita kaɗai, rabin kayan aiki ya saya.

Abin da ya fi ɗaure ni da ita shi ne yadda take riƙe fuska. Kowa ya san ɗaurin aure a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a. Ana shafa fatiha jama'a za su miƙe a lokaci guda, kowa na neman hannun ango, wannan ya gitta, wancan ya ɗaga waya a gabanka, babbar rigar wani ta rufe maka rabin hoto. A irin wannan turmutsitsin, ɗan akwatin da ke kan allo yana nan maƙale a idon ango. Wani ya ratsa ya wuce, ta koma kansa ba tare da hoton ya yi ta lilo yana neman inda zai tsaya ba. Wanda ya taɓa juya fokos da hannu, wato saita inda hoto zai fito tsaf, a cikin cunkoso, yana tafiya da baya yana tsoron take ƙafar wani dattijo, shi ya san darajar wannan. Ni kaɗai nake aiki mafi yawan lokuta, ba ni da wanda zai riƙe mini komai, don haka wannan fokos ɗin shi ne mataimakina.

Hoton kansa ba shi da makusa a wannan farashin. Sensar ciki, wato farantin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, babba ce, irin wadda ake kira APS-C, mai megafiksel 24, kuma idan kana ɗaukar 4K tana tattaro bayanin da ya kai na 6K ne ta matse shi. Shi ya sa aikin zaren da ke wuyan babbar riga yake fitowa ɗaya bayan ɗaya, duwatsun leshi ma haka.

Amma akwai saiti guda da nake roƙon kowa ya duba tun ranar da ya ɗauko ta daga kwali. Yawancin kyamarorin da ake shigo mana da su daga Amurka suna zuwa ne a kan tsarin NTSC, wato hoto 30 ko 60 a sakan, domin wutar lantarkinsu tana bugawa sau 60 a sakan. Tamu a Najeriya sau 50 take bugawa. Idan ka bar ta yadda ta zo ka shiga zauren biki, za ka ga haske yana rawa a hoton, ko wasu layuka masu duhu suna gangarowa a bango da fuskokin mutane. Da yawa suna ɗauka kyamarar ce ta lalace, ko fitilun zauren ne ba su da kyau. Maganin yana cikin menu: ka mayar da ita PAL, ka ɗauki hoto 25 a sakan, ka ajiye shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto, a kan 1/50 na sakan. A wannan kyamarar ma akwai ƙarin riba, domin 4K a hoto 30 yana yanke gefen hoton, a 25 kuwa tana amfani da faɗin sensar gaba ɗaya. Kenan tsarin da ya dace da wutarmu shi ne kuma wanda ya fi ba ka faɗi a ƙuntataccen ɗaki. Idan an ɗauke wuta an tada janareta, sai ka sake duba allo, saboda ƙaramin inji ba ya riƙe bugunsa daidai, wani lokaci sai ka ɗan matsa shota sama ko ƙasa kafin rawar ta lafa.

Inda take buƙatar lallashi shi ne farar shadda a tsakiyar rana. Fatarmu baƙa ce, kayan ɗaurin aurenmu farare ne, kuma kyamara ba za ta iya gamsar da su biyun a lokaci guda ba idan rana na tsaka. Ka buɗe haske don fuska ta fito, riga ta ƙone ta zama fari fat babu zare babu lanƙwasa. Ka rage don riga, fuska ta nutse. Ni ina kunna layukan gargaɗin nan da ke nuna inda haske ya yi yawa, ina barin su su ɗan taɓa kafaɗar riga kaɗan, ba na yarda su mamaye ta. Sannan filtar ND, wadda ke rage hasken da ke shiga gilashin gaban kyamara, ba ta fita daga jakata. Ba kayan ƙawa ba ce. In babu ita, ko dai ka tsuke gilashi har abin da ke bayan mutum ya daina laushi, ko ka ɗaga shota motsi ya riƙa tsalle.

Ina kuma jan hankalin masu son S-Log3, tsarin ɗaukar da ke fitar da hoto dishi-dishi don a gyara launinsa daga baya. Yana cikinta, gaskiya ne, amma kyamarar 8-bit take ɗauka, launukan da take ajiyewa ba su da yawan da za su jure a ja su sosai wajen tacewa. Ka ɗauki sararin sama a kan duwatsun Shere da shi, ka zo gyara launi, za ka ga saman ya rarrabu hawa-hawa, fata kuma ta yi dabbare-dabbare. Don aikin biki, launin da ta zo da shi ya wadatar, in dai ka saita farinka da hannu, wato ka nuna wa kyamara abin da yake fari, a kowane ɗaki ka shiga.

Gilashin da ake haɗa ta da shi, 16-50mm, yana da amfaninsa a waje da rana, kuma yana da abin rage girgiza a jikinsa. Da ka shiga ɗaki kuwa sai ya gaza. Buɗewarsa f/3.5 ce, idan ka jawo hoto kusa ta koma f/5.6, kuma idan lambar nan ta ƙaru, hasken da ke shiga raguwa yake. Ɗakin kamu a Gangare ko Unguwar Rogo, mata cike, labule a sake, ƙwan fitila ɗaya a sama, ba wurin f/5.6 ba ne. Gilashi mai f/1.4 yana shigar da haske ninki 16 a kan wannan. Sigma 16mm f/1.4 shi ya canza mini aikin cikin gida gaba ɗaya, kuma a wannan sensar faɗinsa daidai yake da 24mm a babbar kyamara, ya isa ya ɗauke amarya da ƙawayenta ba sai ka manne da bango ba. Don fuska kuma akwai ɗan'uwansa 30mm f/1.4.

Da wannan gilashin na fi jin daɗin maɓallin nan da aka yi don masu tallan kaya. Idan ka kunna shi, kyamara tana barin fuska ta koma kan duk abin da aka miƙo gabanta. An yi shi ne don mai nuna kwalbar turare ko takalmi, kuma ina amfani da shi a haka a shaguna. Amma ranar sa lalle ya fi yi mini rana. Amarya ta ɗago hannuwanta biyu, zanen baƙin lalle ya fito tsaf har siririn reshen da ya zagaye yatsa, fuskarta a baya ta yi laushi cikin mayafi. Ta sauke hannu, fokos ya koma idonta a hankali. Wata uwar amarya da na nuna wa a allo ta ce, "Ɗan nan, sake nuna mini, ashe haka zanen yake." Ita da ke zaune kusa da 'yarta tun safe ba ta gan shi kamar yadda kyamara ta gan shi ba.

Jikinta ba shi da abin rage girgiza na gaske, kuma gilasan Sigma ɗin nan biyu ma ba su da shi. Akwai na lantarki, amma yana cinye gefen hoto da yawa. Haka kuma a 4K, idan ka juya ta da sauri, ginshiƙai da ƙofofi suna karkacewa, domin sensar tana karanta hoto ne daga sama zuwa ƙasa a hankali. Saboda haka mai son ya bi ayarin motocin kai amarya yana gudu, ya tanadi gimbal, wato mariƙin da ke hana kyamara girgiza, ko ya sauko daga 4K zuwa 1080. Ni na fi dogara da sanda mai ƙafa uku, da tafiya a natse.

Batirinta ƙarami ne, NP-FW50, tsohon samfuri. Awa ɗaya da 'yan mintuna yake yi a bidiyo, a sanyin Disamba da Janairu na Jos ma bai kai haka ba, don sanyi yana shanye batiri. Ina ajiye na canji a aljihun ciki kusa da jiki. Abin da ya cece ta shi ne tana karɓar wuta ta USB-C tana cikin ɗauka. Don dogon zama irin tafsirin azumi ko lacca, sai in ɗaure fawa banki a ƙafar sanda in jona, kuma ba ta da dokar nan ta yankewa bayan minti 30 da tsofaffin kyamarori ke da ita. Batun zafi kuma, mu nan Allah Ya hutar da mu. Garin yana sama da mita 1,200 daga teku, iska na da sanyi, ƙaramar kyamara marar fanka tana samun sauƙi. Idan aiki ya kai ni Abuja a Maris ko Afrilu, ina ɗaga saitin zafin da take kashe kanta zuwa na sama, in buɗe allon ya rabu da jikinta, in nema mata inuwa.

Abin da Jos ta ba mu ta nan, ta karɓe ta wajen ƙura da ruwa. Ba a yi wannan kyamarar don ta jure ruwa ba, kuma ruwan Yuli da Agusta a nan ba ya sallama. Leda da tawul su zauna a jaka. Lokacin hazo kuwa, da ka cire gilashi sensar a buɗe take, babu abin da ya kare ta. Ina canza gilashi ne a cikin mota ko a ɗaki, bakinta na kallon ƙasa, kuma da ɗan famfon iska nake hure ta, ba da baki ba, ba da gefen riga ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna game da yadda muke aiki a garin nan. Jos gari ne na fim. Hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya a nan take, makarantarta ta koyon fim a nan take, kwalejin talabijin ta NTA tana unguwar Rayfield. Amma har yanzu sai ka ga bidiyon biki hoto tangaran, sauti kuwa iska da hayaniya. Iyalin da suka biya ka, bayan shekara goma abin da za su nema shi ne muryar waliyyi lokacin da ya ce ya bayar, da nasihar kaka ga amarya, da addu'ar liman. Wasu daga cikin masu muryoyin nan ba za su kasance da rai ba a lokacin. Makirufon da ke saman ZV-E10 ya fi na yawancin kyamarori, an ma haɗo shi da ɗan gashin tare iska, amma amfaninsa ga wanda ke tsaye dab da ita ne. Alherin da ta yi mana shi ne tana da ramin makirufo da kuma ramin abin sauraro a kunne. Ka sayi makirufo marar waya, irin su Rode Wireless GO II da ke ajiye sauti a jikinsa ko da sadarwa ta katse, ko mai rahusa daidai ƙarfinka, ka nemi izini ka maƙala wa liman a wuyan riga. Ka sa abin sauraro a kunne tun daga farko har ƙarshe. A zauren dina kuma ka roƙi mai kayan sauti ya ba ka layi kai tsaye zuwa ƙaramar na'urar naɗar murya. Da a ce kuɗina na abu ɗaya ne bayan kyamara, makirufo zan saya kafin gimbal, ko shawara ba zan yi ba.

Memori ma kada a yi wasa da shi, araha ba ta ado. Ramin memori ɗaya gare ta, babu na biyu da zai riƙe maka kwafi, kuma jabun memori sun cika kasuwa. 4K mafi inganci yana cin kusan gigabayit 45 a awa, yana kuma buƙatar mai alamar U3. Ka saya a hannun wanda ka yarda da shi, ka cika shi da bidiyo a gida ka kalla kafin ka kai shi bikin mutane.

Masu tambaya tsakaninta da Canon M50, wadda ta yi farin jini a nan: launin Canon yana da daɗi, amma 4K ɗinta yana yanke hoto sosai, fokos ɗinta mai kyau ba ya aiki a 4K, kuma kamfanin ya daina ƙera sababbin gilasai na wannan layin. Sony a6400 tana da madubin leƙe da ake sa ido a ga hoto, wanda ZV-E10 ba ta da shi, kuma rashinsa yana wahalarwa a rana tsaka. Wanda hoto marar motsi ya fi yawa a aikinsa ya ɗauki a6400, sai dai ita ba ta da ramin abin sauraro. Akwai kuma ZV-E10 II da ta fito a 2024, mai babban batirin NP-FZ100 da 10-bit da 4K a hoto 50 a sakan. Ta fi ta farko ta kowane gefe a bidiyo, amma ta fito a kan kusan dala 1,000, ta farko kuwa dala 700 ta fito, yanzu kuma ana samun ta hannu ƙasa da haka. Wannan ratar ita ce kuɗin gilashi ko makirufo ga mai farawa.

Idan ta hannu za ka saya, ka je da memorinka da batiri mai caji. Ka tsuke gilashi zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, duk tabo ko ƙura a sensa za su bayyana. Ka girgiza wayar USB-C a raminta ka ga ko caji na yankewa, ka gwada ramin makirufo da na kunne, ka juya allon ta kowane gefe. Sannan ka bar ta tana ɗaukar 4K a kan teburin mai shago na tsawon rabin awa kafin ka ƙirga masa kuɗi.