Shagon cike takardun neman buras a Ali Ɗan Sofo: abin da na gani

A watan Janairu na kai ƴata da ɗan ƙanena wani shagon intanet da ke unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi, irin wanda muke kira siber, domin na ji ɗalibai suna cewa mai wurin ya ƙware wajen haɗa dosiyen neman buras, wato kuɗin ɗaukar nauyin karatu, na ƙasashen waje. Yaran biyu sun samu bak, wato shaidar kammala sakandare, a shekara ɗaya, dukansu a sashen D na kimiyya. Yarinyar ta fito da maki 14 da ɗoriya bisa 20, yaron kuma da 12, kuma tuni sun yi rajista a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maradi, amma zuciyarsu tana kan buras ɗin gwamnatin Turkiyya, wadda ake buɗe nemanta daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu.

Shagon ɗaki ɗaya ne, da kwamfuta biyar, da injin fotokopi, da benci a ƙofa. Abin da ya fara burge ni shi ne mai wurin bai tambaye mu kuɗi ba sai da ya karɓi takardun yaran ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama, sai ya dube ni ya ce, "Baba, ta yarinyar za ta shiga, amma ta yaron ba za ta shiga ba, kuma ba zan karɓi kuɗinka a kanta ba." Ya bayyana mini cewa mai neman digirin farko dole ya kasance bai kai shekara 21 ba, kuma makinsa ya kai kashi 70 cikin ɗari, wanda a lissafinmu shi ne 14 bisa 20, mai son karatun likita kuwa sai ya kai kashi 90. Ɗan ƙanena yana da shekara 22, saboda ya maimaita aji sau biyu, makinsa kuma bai wuce kashi 60 ba. Maganar ta yi wa yaron ɗaci, ni ma ta yi mini, amma na san iyayen da aka karɓe wa kuɗi masu yawa a wasu wurare da alkawarin cewa "akwai hanya", alhali sharaɗin shekaru da na maki a rubuce suke, babu mai shagon da zai iya sauya su.

Bai sallami yaron hannu rabbana ba. Ya tuna masa cewa ANAB, hukumar da ke Yamai mai kula da buras da tallafin ɗalibai, ita ce ke fitar da sanarwar guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya suke bai wa Nijar, cewa kowace sanarwa da nata sharuɗɗan, kuma wanda bai samu cikakkiyar buras ta ƙasa ba yana iya neman tallafin da ake bai wa ɗalibai. Ya rubuta masa takardun da ya kamata ya tanada tun kafin sanarwa ta fito, domin wa'adin yakan zo a ƙure.

Inda ya fi yi mana amfani shi ne wurin da ban taɓa kawowa a raina ba. Ƴata ba ta da takardar haihuwa ta asibiti, hukuncin kotu ne aka yi mata a madadinta lokacin shiga makaranta, kamar yara da yawa da aka haifa a ƙauye. A cikin wannan takarda an rubuta sunana da harafi ɗaya a tsakiya, a takardar shaidar bak kuma an ninka harafin. Shekara da shekaru muna riƙe da takardun nan, babu wanda ya lura. Shi ne ya jera su a kan tebur, da takardar zama ɗan ƙasa, da ta makin jarrabawa, ya nuna mini bambancin da bakin biro, ya ce wanda ke duba dosiye a wata ƙasa bai san mu ba, sunaye biyu yake gani, kuma matsalar za ta sake tasowa wajen fasfo da biza. Gyaran ya ci mana kusan mako biyu na kai da kawo, kuma da a makon ƙarshe muka zo, da lokacin ya ƙwace mana. Wannan kaɗai ya fi ƙarfin jaka ukun da na biya, ban da dala biyar-biyar na kowace fotokopi. Ya kuma faɗa a gaban kowa cewa neman buras ɗin kyauta ne, ladan aikinsa da na intanet kawai yake karɓa.

Akwai abubuwa biyu da ban ji daɗinsu ba, kuma na faɗa masa. Na farko, yaron shagonsa ne ya buɗe wa ƴata adireshin imel, ya zaɓi lambar sirri da kansa, ya rubuta ta a wani littafi da ke ajiye a kan tebur tare da na sauran ɗalibai. Ta wannan imel ɗin ne za a aiko da kiran ganawa da sakamako, saboda haka bai dace ya zauna a hannun kowa ba sai mai shi. Na sa ta canza lambar a wayarta kafin mu bar wurin. Na biyu ya fi damuna. A wurin da ake tambayar ɗalibi dalilin da ya sa ya zaɓi fannin da ƙasar, suna da wani rubutu da suka ajiye a kwamfuta, suna sauya suna da fanni kawai su liƙa wa kowa. Idan ɗalibai ashirin daga gari ɗaya suka aika magana iri ɗaya, masu tantancewa za su gane, kuma yarinyar da ba ita ta rubuta ba, me za ta ce ranar ganawa idan aka tambaye ta? Na ce masa, "Malam, wannan ba taimako ba ne, cutarwa ce." Bai yi musu ba, ya ce yawancin yaran ne ke zuwa ba su shirya komai ba. Ƴata ta koma gida ta rubuta nata a kan aikin gona da ƙarancin ruwa a ƙauyenmu, wani malaminta na lise ya duba mata.

Cunkoso kuwa sai haƙuri, musamman da wa'adi ya matso, kuma idan aka ɗauke wuta aiki yakan tsaya har a tada janareto. Wanda zai je ya je da sassafe, a makon farko na buɗewa, da takardunsa na asali da kwafin da aka riga aka buga wa hatimi a ma'aikatar magajin gari.

An aika dosiyen ƴata ranar 9 ga Fabrairu, tana ci gaba da zuwa aji a jami'a kafin amsa ta zo. Takardun ɗan ƙanena suna cikin ambulan a gidana, kuma wannan shagon zan mayar da shi ranar da sanarwar Maroko ta fito, amma da imel ɗinsa da rubutunsa a hannu.